Batirin Da Ya Kwanta: Wace Caja Ce Za Ta Tada Shi?

Yau za mu ɗan kauce wa maganar farashin shanu da kuɗin duwan, mu taɓa wani abu da ba ya cikin kara amma yana iya cinye ribar tafiya guda, wato batirin mota.

Kowa ya san yadda abin yake. An gama lodi a Maigatari ranar Alhamis da la'asar, shanu sun cika tirela maƙil, an sallami ƴan lodi, direba ya hau ya murɗa makulli, sai ka ji ƙat, ƙat, shi ke nan. Ya leƙo ya ce, "Alhaji, batir ne fa." To daga wannan lokaci duk awar da ta wuce a jikin dabbobi take fita, domin suna tsaye cikin ƙarfe babu iska babu ruwa, kuma da zarar ɗaya ya gaji ya kwanta sauran za su tattake shi, sai dai a nemo wuƙa. Sa guda da aka yanka a bakin hanya aka sayar wa mahauta yadda suka ga dama, asararsa ta sayi batir fiye da ɗaya.

Matsalar ta fi fitowa fili a lokutan da motoci suka daɗe a ajiye. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 har Disambar 2020, sa'an nan bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sake rufe iyakar Nijar da Nijeriya har Maris na 2024, aka haɗa da yanke wutar lantarkin da ke shigowa daga Nijeriya. Motoci da yawa sun yi wata da watanni ba a tada su ba. Ranar da aka zo tada su kuwa, wasu sun zubar da batirin da ke da sauran rai, wasu kuma sun yi ta zuba kuɗi wurin mai caji a kan batirin da ya riga ya zama gawa. Abin da muke so mu bayyana shi ne yadda za a rarrabe biyun, da irin aikin da kowace caja ke iya yi da wanda ba ta iyawa.

Batirin mota ɗaki shida ne a cikin akwati ɗaya, kowane ɗaki da farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid, kuma kowanne yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. Idan batir ya cika ya huta, mitar gwada wuta za ta nuna 12.6 ko 12.7. In ta nuna 12.2, rabi ya tafi. In ta sauka ƙasa da 12, to saura ƙiris. Wanda aka manta da fitila a kansa kwana biyu ko uku kuwa, ana iya samunsa a 5 ko 3 ko ma ƙasa da haka. Wannan mita ba ta kai kuɗin buhun dusa ba, kuma a ganinmu duk motar da ke ƙetare iyaka da dabbobi ya kamata a ce akwai ta a cikin akwatin direba.

Duk lokacin da batir ke ba da wuta, wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantan nan. In an yi caji da wuri, gishirin yana narkewa ya koma cikin ruwan, babu wata illa. In kuwa aka bar batirin a kwance mako da makonni, gishirin sai ya daskare ya yi tauri kamar kanwar da ta sha rana, wuta ta kasa ratsa shi. Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi ita ce: yaushe ya kwanta? Na jiya ko shekaranjiya kusan kullum yana tashi. Na wata uku ko huɗu, sai an yi sa'a, kuma ko ya tashi ba zai koma ƙarfinsa na da ba. Zafinmu ma yana ƙara abin, domin batir yana zubar da wutarsa da kansa ko ba a haɗa shi da kome ba, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana kusan ninka saurin zubar. A tuna da watan Afirilu da Mayu a Konni ko Tawa, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa.

Bari mu fara da sabuwar caja, ƴar ƙaramar nan marar nauyi mai fitilu ko allon lambobi, wadda ta cika kasuwa yanzu. Tana da ƙwaƙwalwa, tana auna batir kafin ta saki wuta, tana rage wutar da kanta in ya kusa cika, sa'an nan ta tsaya. Ga batirin da ya yi rauni kawai, babu kamarta, sai ka haɗa ka tafi ka yi barcinka. Amma fa tana da hali guda da ya sa mutane da yawa suka yi asara. Idan wutar batirin ta sauka ƙasa ƙwarai, sai ta ɗauka babu batir a gabanta sam, ko kuma ta kunna jar fitila ta ƙi aiki. Kowace iri da nata mizanin, wata tana kama batirin da ya sauka har bolt 2 ko 3, wata kuwa tana neman ya fi haka nesa kafin ta motsa. An yi ta haka ne don kada ta yi tartsatsi in wayoyinta sun haɗu, ko ta zuba wuta cikin abin da ya lalace. Sai mutum ya ga jar fitila ya ce ai inji ma ya tabbatar batir ya mutu. Alhali kuwa cajar ba ta ma gwada ba.

Dabarar da makanikai ke yi a nan mai sauƙi ce. A samo lafiyayyen batir mai bolt 12, a haɗa shi da kwantaccen da wayoyi masu kauri, kan ja zuwa kan ja, kan baƙi zuwa kan baƙi, sa'an nan a maƙala cajar a jikin lafiyayyen a kunna. Cajar za ta ga wutar mai lafiyar ta saki tata, kwantaccen kuma ya riƙa sha ta bayan fage. Bayan kamar awa guda a kashe, a raba su, a gwada. In ya hau bolt 10 da rabi ko fiye, a mayar da cajar kansa shi kaɗai ta ƙarasa aikin. A riƙa taɓa jikinsa a cikin wannan awa, in ya ɗauki zafi a tsaya nan take. Wasu cajojin masu tsada suna da maɓallin tilasta caji da ke yin wannan aiki ba tare da batir na biyu ba, wasu kuma suna da wurin gyara da ke ɗaga wuta sama da ta kullum don ta sassauta gishirin da ya daskare. Wannan na biyun ba a yin sa sai an cire batirin daga mota, domin wutar tana iya taɓa kayan lantarkin motar.

Sai tsohuwar caja mai nauyi, mai tiransifoma da allura, irin wadda ke gurnani a shagon masu caji tun muna yara. Ita ba ruwanta da tambaya, ko batir na bolt 1 ne za ta tura masa wuta, shi ya sa ga batirin da ya kwanta warwas ta fi sabuwar amfani. Laifinta ɗaya, ba ta san tsayawa ba. In ka manta da ita, sai ta dafa ruwan batirin ya ƙafe, faranti su lanƙwashe. Dole mutum ya zauna kusa.

Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin goma. A duba lambar da ke jikin batir wadda aka rubuta Ah a gabanta. Mai 100 a ba shi amfiya 10, mai 70 a ba shi 7, manyan na tirela masu 150 ko 200 a ba su 15 ko 20. Da wannan lissafi, batirin da ya ƙare sarai yana son awa 12 zuwa 14, wanda ya daɗe a kwance kuma gara a rage wutar zuwa rabin haka a bar shi kwana ɗaya ko biyu. Mu masu dabbobi bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Saniyar da yunwar bazara ta kayar, wa ya taɓa cika mata kwarya da tsaba rana ɗaya ya ce ta tashi? Ai sai a tallafe ta, a ba ta ruwa da ƴar dusa kaɗan kaɗan har cikinta ya karɓa.

Allurar tsohuwar cajar nan tana faɗin gaskiyar batir fiye da duk wani mai caji, in an san karatunta. Batirin da gishiri ya kama, da farko allurar ba za ta ko motsa ba, kamar ba ya shan kome. Kada a yanke ƙauna, a bar shi awa biyu ko uku. In allurar ta fara hawa sannu sannu, alama ce wuta ta sami hanya, kuma bayan wasu awoyi za ta sake saukowa yayin da yake cika. Wannan shi ne batirin da ke tashi. In kuwa tun daga farko allurar ta buga ƙarshe ta tsaya can, batirin yana zafi, ɗaki biyar suna ɓulɓula ɗaya ya yi shiru, to faranti sun haɗe a wannan ɗakin. Irinsa ko an kwana ana caji, da ya huta zai koma wajen bolt 10 da rabi, domin ɗaki biyar kaɗai ke aiki, kuma babu cajar da ke gyara shi. Akwai kuma na uku mai yaudara, wanda cikin rabin awa zai nuna ya cika. Wannan randa ce da ta koma moɗa, saurin cikarsa shi ne shaidar cewa ba ya ɗaukar kome.

Masu caji na bakin tasha mutanenmu ne, kuma sun fid da mu kunya ba sau ɗaya ba. Amma akwai abu biyu da za a lura da su. Na farko, wasu suna jera batura da yawa a kan inji ɗaya, babba da ƙarami, mai rai da kwantacce, duk wuta guda, a sauke su lokaci guda. Ƙaramin ya dahu, babban bai ƙoshi ba. Na biyu shi ne cajin gaggawa, kuma a nan laifin ya fi yawa a wuyanmu, domin mu ne ke tsayawa a kan mutum muna cewa, "Malam, ƙara masa wuta, shanu na cikin mota." Amfiya 40 ko 50 na rabin awa yana iya tada mota, gaskiya ne, kuma in dabbobi na cikin rana babu wanda zai ce kada a yi. Sai dai a sani wuta ce ta saman faranti, ba ta shiga ciki ba, kuma zafin yana zubar da naman farantin zuwa ƙasan akwati. In jikin batir ya kai zafin da ba ka iya barin tafin hannunka a kai, wato wajen digiri 50, a kashe a bari ya huce. In an sauke kaya a Ikko ko Badun, a nemi wuri a yi masa cajin hankali na dare guda kafin a juyo.

Wasu za su ce mene ne na wahala, a ja wuta daga wata mota ko a tura, in ta tashi altaneta zai cika shi a hanya. Altaneta an yi shi ne don ya mayar da ɗan abin da kik ya ci, ya kuma riƙe fitilu, yana ba da bolt 13.8 zuwa 14.4. Ɗora masa batirin da ya ƙare sarai yana sa shi aiki iya ƙarfinsa awa da awoyi, ya yi zafi, wani lokaci ya ƙone, ka tashi da asara biyu a tsakiyar daji. In dole ta sa za a ja wuta, a bar motar mai bayarwa tana aiki da wayoyin a haɗe kamar minti goma ko sha biyar kafin a murɗa makulli, kuma wayar baƙi ta ƙarshe a maƙala ta a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batirin, saboda tartsatsi.

Akwai wata al'ada da muke roƙon direbobi su bari, wato a tada mota da batirin aro, a cire shi injin na aiki, a mayar da kwantaccen. A tsofaffin motoci ana yi a tsira. Amma a daidai lokacin da aka cire kan batir, wutar altaneta tana yin tsalle sama, kuma motocin yanzu masu ƙwaƙwalwa, irin Hilux ɗin da ake bin kasuwannin ƙauye da su, wannan tsallen yana iya ƙona ƙwaƙwalwar, wadda kuɗinta ya ninka na batir sau da yawa.

A rugage da kasuwannin da babu lantarki, abin da ke hannu shi ne sola da janareta, wanda wasunmu ke kira gurup. Farantin sola mai wat 100 yana ba da amfiya 5 zuwa 6 in rana ta take, wannan kuwa wuta ce mai taushi irin wadda kwantaccen batir ke so, sai dai batir mai 100 zai ci kwana uku ko huɗu, in hazon hunturu ya sauko ya fi haka, kuma a riƙa share ƙurar farantin. Ƴar na'urar da ke tsakanin faranti da batir tana da halin sabuwar caja, daga batirin take samun wutar da za ta farka, saboda haka in ya yi ƙasa ƙwarai ba za ta kunnu ba, sai a yi mata dabarar batir biyu. Haɗa faranti kai tsaye da batir yana iya ɗaga shi na ƴan awoyi in ana tsaye a kai da mita, amma kada a bar shi haka a tafi kasuwa, domin farantin yana kaiwa bolt 18 zuwa sama. Ƙananan janareta da yawa suna da kafar bolt 12 mai ba da kamar amfiya 8, ita ma ba ta tsayawa da kanta. In akwai caja, gara a sa ta a kafar wutar gida ta janaretan.

Maganar ruwa kuwa, nan ne ake yawan kashe batir da sunan magani. Kafin caji a buɗe marufan a leƙa, in faranti sun fito fili a zuba ruwan batir, wato tataccen ruwan da babu gishiri a cikinsa, daidai yadda zai rufe su kawai, sai bayan caji a cika zuwa alama, domin ruwan yana kumbura in ya yi ɗumi. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishiri da ƙarfe masu ɓata faranti. Kuma ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan, ya maƙale ne a jikin faranti a matsayin gishirin da muka faɗa. Mai cajin da ya ce zai juye tsohon ruwan ya zuba sabon asid, batirin zai yi kuzari na ƴan kwanaki, sa'an nan ya mutu murus. Baturan da aka rufe ruf babu marufi, ba a fasa su, kuma ba sa son tsohuwar caja sai da ƙaramar wuta da ido a kai.

Ga masu tirela da manyan kamiyo masu bolt 24, batir biyu ne a jere. In cajar ta bolt 12 ce, a raba su a yi wa kowanne daban, hakan ma ya fi, domin za a gane wane ne raggon. Sau da yawa ɗaya ne ke fara mutuwa, kuma in an bincika sai a tarar yaran mota sun ja waya daga kansa shi kaɗai don cajin salula ko rediyo ko fanka. Haɗa sabo da tsoho kuma, tsohon ne ke jan sabon ƙasa, kamar a ɗaure bajimi da ramammen sa a garma ɗaya. Kada kuma a ja wutar tirela zuwa ƙaramar mota mai bolt 12.

Bayan an gama caji, kada a yarda da lambar da mita ta nuna nan take, wutar sama ce. A bar shi ya kwana ba a haɗe da kome ba. In da safe yana 12.5 ko fiye, madalla. A ɗora shi a mota, wani ya riƙe mita a kansa yayin da ake murɗa makulli. In ya faɗi ƙasa da 9.6, ba na doguwar tafiya ba ne. Ra'ayinmu shi ne, batirin da aka tada daga doguwar kwanciya a bar shi ga motar cikin gari ko fitilar gida, kada a ɗora masa amanar shanu talatin zuwa Kurmi. Wanda akwatinsa ya kumbura, ko ya tsage, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ruwansa ya koma baƙi, kada ma a kai shi gaban caja. Motar da za ta yi fiye da mako biyu a ajiye kuma, a cire mata kan baƙi, a riƙa ba batirin wuta sau ɗaya a wata.

Batir yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, musamman in ya fara ɓulɓula. Ba a caji a rufaffen ɗaki, ba a leƙa ramukansa da ashana ko taba a baki, kuma a kashe caja kafin a cire maƙalanta. In asid ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, a wuce asibiti. Farin garin da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa, har a zargi batir alhali datti ne. Ruwan kanwa yana cinye shi sarai, sai dai a toshe marufan da kyau kada ko ɗigo ya shiga ciki.

Saura batirin da ya ƙi tashi. Kada a yar da shi a bayan gida, ko a zango, ko kusa da turke da wurin shan ruwa. Shanu suna son lasar dalma, maruƙa sun fi, kuma fasasshen batir yana daga cikin manyan abubuwan da likitocin dabbobi suka sani suna jawo gubar dalma a garke. Dabbar sai ta makance, ta riƙa cizon haƙora, tana dalala, tana tokare kai da bango ko itace, wata ta yi farfaɗiya ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma batir guda ya isa ya kashe fiye da ɗaya. Nama da nonon irin wannan dabba ba na ci ba ne. Masu sayar da batir da ƴan gwangwan suna sayen tsohon saboda dalmar da ke ciki, wasu ma suna rage maka kuɗin sabo in ka kawo shi. A kai musu shi a tsaye da ruwansa a ciki, ba a fasa ba, kuma kada a ɗora shi cikin bodin da ake zuba dabbobi ko ciyawarsu.